Darasi na 14: Hasken Rana da Ƙwan Farko na Sagara

1. Unguwar New Bell

Birnin Duwala yana bakin kogin Wuri, kusa da inda kogin yake shiga teku. Nan ne babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Kamaru take. A cikin birnin akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira New Bell. An kafa ta wajen shekarar 1914, zamanin da Jamusawa suke mulkin ƙasar. Jamusawa sun ƙwace filayen mutanen gari na bakin kogi, suka ce su koma can baya. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda da wannan ƙwace. Suka tuhume shi da cin amana, suka rataye shi a ranar 8 ga Agusta, 1914.

Daga baya baƙi daga wurare da yawa suka cika unguwar. A cikinsu akwai Hausawa fatake, da mahauta, da maɗinka, da malamai. Har yau akwai unguwar Hausawa a New Bell, ba nisa da babban masallaci da babbar kasuwa.

Gidajen unguwar a matse suke, kuma tsakar gida ba ta da faɗi. Duk da haka mata da yara suna kiwon kaji a bayan ɗaki. Ana cin ƙwai a gida, ana sayar wa masu shayi, ana yanka zakara idan an yi baƙo.

2. Sagarun Auta

A wani gida na unguwar Hausawa akwai wata yarinya 'yar aji biyar, wato ajin da ake kira CM1. Ita ce ƙarama a gidan, don haka kowa yana kiranta Auta. A farkon watan Afrilu kakarta ta saya mata 'yan tsaki biyar, 'yan kwana ɗaya, irin kajin gidan gona masu yawan ƙwai. A rana ɗaya, kuma daga kwali ɗaya, maƙwabciyarsu ta saya wa ɗanta biyar. Yaron ajinsu ɗaya da Auta.

Kaka ta ce, "Auta, ki kula da su da kyau. Idan sun fara ƙwai, ki riƙa sayarwa kina sayen littafi da alƙalami da kanki."

Auta ta ce, "To Kaka, na gode. In Allah ya yarda zan kula."

'Yan tsaki suka girma suka zama sagaru. Sagara ita ce budurwar kaza wadda ba ta fara ƙwai ba. Auta tana ba su abinci da ruwa safe da yamma, tana share musu wuri.

Da watan Yuni ya kama, sai ruwan sama ya ƙaru. Duwala tana cikin garuruwan da suka fi samun ruwa a Afirka. Ruwan da ke sauka a shekara ya wuce milimita 3,500, wato wajen ninki huɗu na ruwan Kano. Ya fi tsanani a watannin Yuli da Agusta. Lambatu ya cika, ruwa ya shigo tsakar gida. Sai yayan Auta ya kwashe sagarun ya kai su ɗakin ajiya, inda ake tara gawayi da tsofaffin kwanuka. Ɗakin ba shi da taga. Ba a buɗe ƙofarsa sai da hantsi, idan ruwa ya tsagaita. Kafin la'asar sakaliya an sake rufewa, don tsoron ɓarayi da ɓeraye.

A ƙarshen Agusta kajin maƙwabta suka fara ƙwai. Na Auta shiru. Aka koma makaranta a watan Satumba, har watan ya kusa ƙarewa, babu ƙwai ko ɗaya. Kuɗin abinci kuwa kullum fita suke yi.

Wata rana da dare Baba ya ce, "Auta, Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Waɗannan kaji ci kawai suke yi. Idan wata mai zuwa ya ƙare ba su yi ƙwai ba, za a kai su kasuwa."

Auta ta yi shiru, idonta ya ciko da hawaye. Washegari, bayan an tashi, ta tsaya ta gaya wa malaminsu.

Malam ya tambaye ta, "Watansu nawa?"

Ta ce, "Sun kusa wata shida, Malam."

"Suna cin abinci? Ba su da mura ko zawo?"

"Lafiyarsu ƙalau, Malam. Sai dai ba su kai na maƙwabta girma ba."

"A ina suke kwana, kuma a ina suke yini?"

Auta ta ba shi labarin ɗakin ajiya. Malam ya ƙirga da yatsunsa, ya ce, "Daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 4, awa 6 ke nan. Kajin maƙwabtanku suna samun awa 12. Gobe wannan shi ne darasinmu."

3. Kaza tana auna tsawon yini

Washegari Malam ya zana kaza a allo, ya yi bayani kamar haka.

Duk wanda ya taɓa ganin an fiɗe kaza mai ƙwai, ya ga wani curi na 'yan ƙananan gwaiduwa a cikinta, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar goro. Daga nan ƙwai yake farawa. Tun tana tsako waɗannan ƙwayoyi suna nan, amma ba sa girma sai sun sami umarni daga ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa kuwa tana jiran abu biyu. Na farko, jikin sagara ya cika. Na biyu, yini ya yi tsawo yadda ya kamata.

Haske yana isa ga ƙwaƙwalwar kaza ta hanya biyu. Yana shiga ta idanu. Yana kuma ratsa fata da ƙashin kai, domin ƙoƙon kan tsuntsu ba shi da kauri. A shekarun 1930 wani masani Bafaranshe mai suna Jacques Benoit ya gwada wannan da agwagi. Ya gano cewa ko agwagwar da ba ta gani, idan haske yana sauka a kanta na awoyi masu yawa, jikinta yakan shirya haihuwa.

Idan awoyin haske sun isa, ƙwaƙwalwa tana sakin wasu sinadarai masu kai saƙo cikin jini. Su ne suke sa gwaiduwa ta girma. Idan ta cika, sai ta faɗa cikin wata doguwar hanya. A nan farin ƙwai yake lulluɓe ta cikin awa 3. Sa'an nan ɓawo ya rufe ta, aikin da yake cin wajen awa 20, yawancinsa da dare. Gaba ɗaya ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26. Shi ya sa kaza ba ta yin ƙwai biyu a rana, kuma ta fi yinsa da safe.

Tsuntsaye suna bin tsawon yini ne domin su ƙyanƙyashe 'ya'yansu a lokacin da abinci ya yawaita. Yini mai ƙaruwa yana nuna musu cewa lokacin ciyawa da ƙwari ya kusa. Yini mai raguwa yana nuna musu cewa lokacin wahala yana tafe, sai su dakata.

4. Duwala, Marwa, Kano da Faris

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe yini ba tsawonsa ɗaya ba ne kullum?"

Malam ya ɗauko taswirar duniya mai siffar ƙwallo. Ya nuna musu layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, wanda ake kira Ikwaita. Ya ce duniya a karkace take zagaya rana. Saboda haka ƙasashen arewa suna samun dogon yini a watan Yuni, da gajeren yini a watan Disamba. Iyakar nisan gari daga Ikwaita, iyakar girman wannan bambanci. Sai ya rubuta a allo:

Duwala, digiri 4 arewa da Ikwaita: a Yuni kimanin awa 12 da minti 20, a Disamba kimanin awa 11 da minti 55.

Marwa, digiri 10 da rabi: a Yuni kimanin awa 12 da minti 45, a Disamba kimanin awa 11 da rabi.

Kano, digiri 12: a Yuni kimanin awa 12 da minti 50, a Disamba kimanin awa 11 da minti 25.

Faris, kusan digiri 49: a Yuni kimanin awa 16, a Disamba kimanin awa 8 da kwata.

A Faransa manomi yana ganin aikin rana a akurkinsa ƙarara. Tsakon da aka ƙyanƙyashe a tsakiyar hunturu yana girma ne yini yana ƙaruwa, don haka yakan fara ƙwai da wuri. Wanda aka ƙyanƙyashe a Yuni ko Yuli yana girma ne yini yana raguwa, sai ya makara. Manyan kaji ma sukan rage ƙwai ko su daina a hunturu, idan ba a kunna musu fitila ba.

A ƙasar Hausa da arewacin Kamaru bambancin bai kai haka ba, amma akwai shi. Zabi sun fi yin ƙwai da damina, lokacin da yini ya fi tsawo, kuma ƙwari da ɗanyar ciyawa suka wadata. Shi ya sa dafaffen ƙwan zabi yake cika tashoshin mota da damina, ya yi wuya da rani.

A Duwala kuwa, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce rabin awa ba. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ko 6 da rabi na safe, ta faɗi wajen ƙarfe 6 ko 6 da rabi na yamma, duk shekara. Awa 12 sun ishi sagara ta fara ƙwai a kan kari, a kowane wata aka ƙyanƙyashe ta. Hadari ma ba ya hanawa. Ko ranar da gajimare ya rufe sama, hasken da ke waje ya ishi kaza.

Malam ya juyo ya dubi Auta, ya ce, "Allah ya ba kajin Duwala awa 12 kyauta kowace rana. Ɗakin ajiyarku ya cinye rabi. Kajinki suna New Bell, amma yininsu ya fi na hunturun Faris gajarta."

'Yan aji suka yi dariya. Auta ma ta yi murmushi.

Malam ya ƙara da cewa duhu yana da wata illa. Kaza ba ta cin abinci sai tana gani. Sagarar da take samun haske na awa 6 ba ta da isasshen lokacin ci, sai girmanta ya ja baya. Ko ba a fitar da ita ba, wata rana za ta yi ƙwai, amma a makare, kuma kaɗan.

5. Sabon akurki

Ranar Asabar Auta da yayanta suka samo tsofaffin katakai da fallen kwano ɗaya. Kaka ta ba da kuɗin ragar waya. Suka yi akurki a kan ƙafafu huɗu, tsayin ƙugun babban mutum, yadda ruwan tsakar gida ba zai kai gare shi ba. Suka sa ragar waya a gefe biyu, don haske da iska su shiga. Suka zazzago da rufin ya ɗan wuce bango, don kada feshin ruwa ya jiƙa kajin. A ciki suka gicciya sanda ta kwana. Suka ajiye kwando da garin katako a wani lungu mai ɗan duhu, domin kaza tana son ɓoyayyen wuri idan za ta yi ƙwai. Suka sa kwaɗo a ƙofa saboda ɓarayi.

Da suka gama, Yaya ya ce, "Tunda haske suke so, bari in jawo waya in sa musu ƙwan lantarki. Mu bar shi a kunne har gari ya waye. Kafin mako guda za ki ga ƙwai."

Auta ta ce, "Yaya, bari in tambayi Malam tukuna."

6. Ƙa'idar fitila

Ranar Litinin Malam ya ji wannan shawara, ya girgiza kai. Ya ce masu gidan gona suna amfani da fitila, amma da ƙa'ida. Ya sa yara suka rubuta ƙa'idojin a littafinsu.

Ta farko: ba a ƙara wa sagara awoyin haske tana cikin girma. 'Yan tsaki suna bukatar fitila a kwanakinsu na farko, don ɗumi da ganin abinci. Bayan haka hasken rana ya ishe su. Idan aka tsawaita wa sagara yini tun tana da mako 12 ko 14, za ta fara ƙwai jikinta bai ƙosa ba. Ƙwanta zai zama ƙanana. Wani lokaci mafitar ƙwai takan zazzago waje, sauran kaji su yi ta saranta har ta mutu.

Ta biyu: ana fara ƙarin haske idan sagarar gidan gona ta kai mako 18 zuwa 20, kuma jikinta ya cika.

Ta uku: ana ƙarawa sannu a hankali, rabin awa kowane mako, har hasken rana da na fitila su haɗu su kai awa 14. Masu gidan gona sukan kai awa 16, ba sa wucewa.

Ta huɗu: kaza tana bukatar duhu na awa 8 ko fiye, don ta huta. Fitilar da ke ci har safe tana gajiyar da kaji, tana sa su faɗa da fizgar gashin juna, kuma ba ta ƙara ƙwai.

Ta biyar: idan kaza ta fara ƙwai, ba a rage mata haske. Wanda ya kunna fitila yau, ya manta gobe, ya rikita kajinsa. Suna iya rage ƙwai, har su fara zubar da gashi.

Ta shida: ga ƙaramin akurki, ƙarin haske da asuba ya fi na dare. Idan fitila ta mutu farat ɗaya da dare, kaji ba sa ganin hanyar hawa sandarsu. Idan rana ce take faɗuwa, suna hawa da kansu tun da sauran haske.

Malam ya ce ba a bukatar fitila mai ƙarfi. Idan mutum zai iya karanta littafi a daidai inda kaji suke tsaye, hasken ya isa. Ya gargaɗe su game da fitilar kananzir, domin kaza tana iya ture ta, garin katako ya kama wuta, kuma gidajen New Bell a manne suke da juna. Ƙaramar fitila mai cajin hasken rana ta fi aminci, ga shi ba ruwanta da ɗaukewar lantarki.

Sa'an nan ya ce, "Auta, kajinki sun tashi daga awa 6 sun koma awa 12. Wannan ƙari ya ishe su yanzu. Kada ki sa fitila sai sun fara ƙwai sun zauna da kyau."

7. Haske ba ya aiki shi kaɗai

Malam ya tuna musu cewa haske umarni kawai yake bayarwa. Da abinci ake gina ƙwai. Kaza mai ƙwai tana bukatar masara ko dawa don ƙarfi. Tana bukatar ƙuliƙuli, ko waken suya, ko garin busasshen kifi don gina jiki. Tana bukatar sinadarin kalsiyam don ɓawo, wajen giram 2 a kowane ƙwai. Ana samunsa a dakakken ɓawon dodon koɗi, da ƙonannen ƙashi, da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. Babbar kazar gidan gona tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Ruwa mai tsabta kada ya yanke mata, domin yawancin abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Allurar riga-kafi kuma tana kare ta daga annobar kaji.

Irin kaza ma yana da nasa tasiri. Kazar gidan gona tana fara ƙwai a mako na 18 zuwa 22, kuma tana iya yin ƙwai 280 zuwa 300 a shekara idan ta sami kula. Kazar Hausa sai ta kai wata 6 ko 7. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sai ta yi kwanci na kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yanta. Ƙwanta a shekara bai cika wuce 60 ba. Fitila ba za ta mai da ita kazar gidan gona ba. Amma ta fi juriya, tana neman abincinta da kanta, kuma ita ce mai ba da 'yan tsaki.

8. Ƙwan farko

Auta ta riƙa duba sagarunta kowace safiya. Bayan mako guda ta ga sun ƙara ci. A mako na biyu zankonsu ya girma ya yi ja. Ɗaya daga cikinsu ta fara shiga kwando tana tona garin katako. Idan Auta ta kai hannu bayanta, sai ta durƙusa ta buɗe fikafikai. Kaka ta ce, "Wannan ta kusa."

Wata ranar Lahadi a tsakiyar Oktoba, da hantsi, aka ji kyarkyara daga bayan ɗaki. Auta ta ruga. Ta tarar da ƙwai ɗan ƙarami a cikin kwando, da ɗuminsa. Ta ɗauko shi da hannu biyu ta kai wa Baba.

Baba ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce, "Ƙarami ne."

Auta ta ce, "Malam ya ce ƙwan farko haka yake, Baba. Zai riƙa girma."

Baba ya yi dariya ya ce, "To, an fasa kai su kasuwa. Ki kai wa Kakarki wannan, ita ce mai kaji."

Kafin ƙarshen wata duk biyar ɗin suna ƙwai. A watan Nuwamba aka rataye ƙaramar fitila a akurki. Kaka tana tashi tun kafin kiran sallar asuba, don haka ita ta karɓi aikin kunnawa. Makon farko ta kunna ƙarfe 5 da rabi, mako na biyu ƙarfe 5, mako na uku ƙarfe 4 da rabi, mako na huɗu ƙarfe 4, ta tsaya a nan. Da gari ya waye Auta takan kashe fitilar, ta ɗora ta a kan rufi ta sha rana. Mai shayin bakin titi yana sayen ƙwan duk ranar Juma'a. Da kuɗin farko Auta ta sayi abincin kaji da littafin rubutu guda biyu.

Abin tunawa

Sagara tana fara ƙwai idan jikinta ya cika, kuma tana samun isasshen haske. A Duwala yini kimanin awa 12 ne duk shekara. Akurki mai duhu yana gajarta wa kaza yini, ya jinkirta ƙwai. Ba a ƙara wa sagara haske tana cikin girma. Ba a rage wa kaza haske tana cikin ƙwai.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

tsako: le poussin
sagara: la poulette
zabo: la pintade
akurki: le poulailler
zanko: la crête
gwaiduwa: le jaune d'œuf
ɓawon ƙwai: la coquille
kwanci: la couvaison
ƙwaƙwalwa: le cerveau
tsawon yini: la durée du jour
Ikwaita: l'équateur
hunturu: l'hiver

Tambayoyi

1. A wace shekara aka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell?
2. Me ya sa aka kai sagarun Auta ɗakin ajiya?
3. Ta waɗanne hanyoyi biyu haske yake isa ga ƙwaƙwalwar kaza?
4. Awa nawa ƙwai ɗaya yake ɗauka a cikin kaza?
5. Me ya sa tsawon yini ba ya canzawa sosai a Duwala?
6. A wane lokaci zabi suka fi yin ƙwai a ƙasar Hausa? Ku kawo dalili biyu.
7. Me ya sa Malam bai yarda da shawarar Yaya ba?
8. Ku faɗi alamu uku da suke nuna sagara ta kusa fara ƙwai.

Lissafi

1. A Faris yini awa 16 ne a Yuni, awa 8 da kwata a Disamba. Nawa ne bambancin?
2. Kaza ɗaya tana cin giram 120 a rana. Kilo nawa kaji 5 za su ci a kwana 10?
3. Rana tana faɗuwa ƙarfe 6 na yamma. Ƙarfe nawa za a kunna fitila da asuba don kaji su sami awa 14 na haske?
4. Kaji 5 suna yin ƙwai 4 kowace rana. Ƙwai nawa za su yi a mako 3?

Aikin gida

1. Ku rubuta lokacin fitowar rana da lokacin faɗuwarta kowace Juma'a har mako 4. Ku lissafa tsawon yini, ku kwatanta da na allo.
2. Ku duba wurin da kajin gidanku ko na maƙwabta suke. Ƙarfe nawa ake buɗe su, ƙarfe nawa ake rufe su? Awa nawa suke samun haske?
3. Ku zana akurkin Auta, ku rubuta sunayen sassansa da Hausa da Faransanci.